Ciwon Kawu da Tambayar Gimbiya Elizabet

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama kawuna, ƙanen mahaifiyata, ni ne na riƙa kwana da shi a asibiti. Mutum ne da ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a makarantar firamare, mai kaifin harshe da saurin ba da amsa, wanda idan gardama ta kaure a majalisar ƙofar gida shi ake bar wa magana ta ƙarshe. Da safiyar rana ta uku na miƙa masa kofin shayi, ya dube shi, ya buɗe baki zai yi magana, kalmar ta ƙi fitowa. Ya sake gwadawa, sai ya ce "takalmi". Ya san ba haka yake nufi ba, domin na ga yadda fuskarsa ta canza, amma ya rasa hanyar da za ta kai shi ga kalmar "kofi". Da aka kira azahar kuwa, sai na ji yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, shi da ya kasa kiran sunan ɗansa na fari awa ɗaya kafin nan.

Mahaifiyata ta riƙa ƙarfafa mana gwiwa da cewa, "Yana nan ciki lafiyarsa ƙalau, jikin ne kawai ya ƙi shi." Na yarda da ita a lokacin, domin maganar tana sanyaya zuciya, kuma ita ce siffar da yawancinmu muke ɗauke da ita a kai ba tare da mun taɓa zama mun duba ta ba: mutum na ainihi yana zaune a ciki kamar direba, jiki kuwa mota ce, tana iya lalacewa direban yana nan garau. Amma da watanni suka tafi, sai muka fara ganin abin da siffar ba ta iya ɗauka. Kawu mai haƙuri da yara ya koma mai saurin fushi, hawaye suna zubo masa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma lissafin da yake yi da ka ya gagare shi ko da an ba shi alƙalami. Idan mota ce kawai ta lalace, me ya taɓa halin direba? Wannan tambaya ce ta tura ni karatun abin da masana falsafa suka faɗa game da raba hankali da jiki, kuma a nan idan na ce hankali ina nufin abin da yake tunani, yake ji, yake so, yake tunawa, ba natsuwa da ladabi kaɗai ba kamar yadda muke amfani da kalmar a gida.

Ra'ayin raba su biyu ba na ƙananan mutane ba ne, kuma adalci ne a fara da hujjarsa mafi ƙarfi. Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a shekarar 1037, ya kawo wani misali a babin rai na littafinsa Al-Shifa. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum a lokaci guda, cikakke, yana rataye a sararin iska, idanunsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware yadda babu wadda take taɓa 'yar'uwarta, ba ya jin sauti, ba ya jin ko motsin iskar a fatarsa. Wannan mutum bai san yana da hannu ko zuciya ko ƙwaƙwalwa ba, amma a ganin Ibn Sina ba zai yi shakkar cewa shi yana nan ba. Tunda ya tabbatar da kansa alhali bai tabbatar da jikinsa ba, ashe kansa wani abu ne daban da jikin.

Bayan kusan shekara ɗari shida, Bafaranshe René Descartes, wanda ake furta sunansa Dekart, ya bi wata hanya mai kama da wannan a littafinsa na bimbini da ya fito a 1641. Ya ce zai iya shakkar komai, har hannunsa da wutar da yake zaune a gabanta, domin yana iya yiwuwa mafarki yake yi, amma ba zai iya shakkar cewa yana tunani ba, tunda ita kanta shakkar tunani ce. Daga nan ya yanke cewa jauhari, wato abin da yake tsaye da kansa, iri biyu ne. Akwai jiki, wanda asalinsa shi ne cin wuri, yana da tsawo da faɗi da zurfi, ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa, kuma ba ya tunani. Akwai kuma hankali, wanda asalinsa tunani ne, ba ya cin wuri, ba shi da sassa, ba ya rabuwa. Ya kamata in ambata cewa shi kansa Dekart ya ƙi yarda a ce yana cikin jikinsa kamar matuƙi a cikin jirgin ruwa, domin matuƙi ganin ɓarnar jirginsa yake yi da ido, shi kuwa mai rauni zafi yake ji. Ya ce su biyun a cakuɗe suke. Matsalar ita ce yadda za a yi abubuwa biyu da ya siffanta da saɓanin juna ta kowace fuska su cakuɗu.

Wadda ta fi kowa ɗora yatsa a kan wannan gyambo wata budurwa ce 'yar shekara ashirin da huɗu, Gimbiya Elizabet ta Bohemiya, wadda danginta suke gudun hijira a birnin Hague na ƙasar Holan bayan mahaifinta ya rasa gadon sarauta. A watan Mayu na 1643 ta rubuta wa Dekart wasiƙa tana roƙonsa ya bayyana mata yadda rai, wanda ya ce tunani ne zalla, yake iya motsa jiki har mutum ya aikata abin da ya yi niyya. Hujjarta mai sauƙi ce. Duk abin da muka sani yana motsa wani abu, to ta hanyar tura shi ne, kuma turawa tana buƙatar taɓawa, taɓawa kuwa tana buƙatar abin da yake da fuska da gefe da wurin zama. Dekart ya riga ya cire wa hankali duk waɗannan. To da me zai yi turin? Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya ɗaga hannunsa na dama. Niyya ta zo, hannu ya tashi. Idan niyyar ba ta ko'ina, ba ta sama ko ƙasa, ba ta kusa ko nesa da jijiyoyin kafaɗa, a wane wuri ta haɗu da su har ta ja su?

Amsar da Dekart ya bayar ba ta gamsar da ita ba, kuma na karanta ta sau da yawa ni ma ba ta gamsar da ni ba. Ya ce haɗuwar rai da jiki wata fahimta ce ta asali wadda ba a warware ta zuwa wata, ya kuma kwatanta ta da yadda mutane suke tunanin nauyi yana jan dutse ƙasa ba tare da ya taɓa shi ba. Elizabet ta nuna masa cewa shi da kansa yana ɗaukar wannan fahimta ta nauyi a matsayin kuskure, don haka ba a warware duhu da wani duhun. Ta ce ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki da faɗi, a kan ta yarda abin da ba shi da jiki yana motsa jiki. Sannan ta ƙara wani abu da ya tuna mini da gadon asibitin kawu, inda ta tambayi yadda rai da yake iya rayuwa ba tare da jiki ba, bayan ya mallaki ikon yin tunani mai kyau, zai rasa duk wannan saboda wani ɗan tururi da ya taso masa daga jiki, kamar yadda yake faruwa ga mai suma. A wasiƙarsa ta ƙarshen watan Yuni, Dekart ya koma yana cewa ana gane wannan haɗuwa ne ta rayuwar yau da kullum da hira da mutane, ba ta zurfafa tunani ba. A ganina wannan amincewa ce cewa tsarinsa ba shi da wurin ajiye abin da kowa yake ji a jikinsa.

A littafinsa na ƙarshe game da motsuwar rai, wanda ya fito a 1649, shekara ɗaya kafin rasuwarsa a Stockholm, ya nuna wani ɗan ƙululu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya ce a nan rai yake gudanar da aikinsa kai tsaye. Ya zaɓe shi ne saboda yawancin sassan ƙwaƙwalwa biyu-biyu suke, shi kuwa tilo ne. Yau an san cewa aikin wannan ƙululu shi ne fitar da sinadarin melatonin mai daidaita barci da farkawa. Amma ko da ba a gano haka ba, tambayar Elizabet tana nan daram, domin ƙululun ma jiki ne, ƙanƙantarsa ba ta mayar da shi rai ba, an dai matsar da wurin tambayar ne kawai. Waɗanda suka biyo baya sun ga ramin. Malebranche ya ce rai da jiki ba sa taɓa juna sam, Allah ne yake motsa hannu a duk lokacin da niyya ta zo, maganar da ɗalibin ilimin tauhidi zai ji ta yi masa kama da abin da Imam Gazali ya faɗa game da wuta da auduga, wato ba wutar ce take ƙona audugar da kanta ba, Allah ne yake halittar ƙonewar idan sun haɗu. Leibniz ya ce kamar agogo biyu ne da aka saita su tun farko suna tafiya daidai. Spinoza kuwa ya watsar da rabon gaba ɗaya, ya ce abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu. Duk ukun sun yarda cewa hanyar Dekart ba ta ɓullewa.

A zamaninmu masanin falsafa Jaegwon Kim ya ƙara wa tambayar kaifi. Bari in faɗe ta da misalin gida. Mutum biyu suna jan ruwa a rijiya ɗaya, kowa da gugansa. Idan aka tambaya me ya sa jan wannan ya ɗago wannan guga bai ɗago ɗayan ba, amsar tana bayyane, igiya ce ta haɗa su, kana iya bin ta da hannu. To mutum biyu su yi niyyar ɗaga hannu a lokaci guda. Me ya haɗa niyyata da hannuna bai haɗa ta da hannun maƙwabcina ba, idan har hankalina ba ya wani wuri da za a ce ya fi kusa da wannan jiki? Babu igiyar da za a bi, domin igiya sai tsakanin abubuwa masu wurin zama.

Ita kuma hujjar shakka, wadda take ƙarƙashin misalin Ibn Sina da na Dekart, akwai wani ɓoyayyen rami a cikinta, kuma wani matashin malamin addini mai suna Antoine Arnauld ya nuna shi tun a 1641, a cikin suke-suken da aka buga tare da littafin. Shi da lissafin kusurwoyi ya yi bayani, ni kuwa da hawan salla na fi gane ta. Yaro yana tsaye a bakin hanya, mahaya suna wucewa, ga wani ya sha rawani ya ja amawali ya rufe fuska, sai idanu kawai. Yaron ba ya shakkar waye mahaifinsa, amma yana shakkar waye wannan mahayi. Shin wannan ya tabbatar da cewa mahayin ba mahaifinsa ba ne? Ko kusa. Shakkar tana ba mu labarin iyakar abin da yaron ya sani ne, ba ta ce komai ba game da wanda yake ƙarƙashin amawalin. Haka nan, cewa ina iya shakkar jikina amma ba na iya shakkar tunanina yana nuna na san kaina ta hanyoyi biyu, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje, bai nuna akwai abubuwa biyu ba. Mutumin Ibn Sina da yake rataye a iska bai san yana da ƙwaƙwalwa ba, gaskiya ne, amma wanda ya ƙaddara misalin ya bar masa ƙwaƙwalwar tana aiki, bai cire ta ba. Rashin saninsa da ita bai hana ta zama ita ce take ɗauke da wannan sani nasa na cewa yana nan ba.

Daga ƙarni na goma sha tara likitoci suka shigo maganar da abin da suka gani da idonsu. A 1861, a birnin Paris, Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya shafe kimanin shekara ashirin ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", alhali yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka buɗe kansa, aka sami lalacewa a ɓangaren gaba na hagun ƙwaƙwalwa. Da na karanta wannan sai na tuna cewa hannun dama da ƙafar dama ne suka shanye wa kawu, kuma hagun ƙwaƙwalwa ne yake sarrafa daman jiki. Kafin wannan, a watan Satumba na 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo shida, sai abin ya tashi, sandar ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa. Bai mutu ba sai a 1860. Likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya tsara aiki ya koma mai zage-zage da rashin tsayawa a kan shawara ɗaya. An yi wa labarin ƙarin gishiri daga baya, domin ya ci gaba da neman abincinsa har ya yi tuƙin keken doki a ƙasar Chile, amma gundarinsa ya tabbata a dubban majinyata bayansa: rauni a gaban ƙwaƙwalwa yana iya taɓa hali da kunya da iya yanke shawara.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ni ma na riƙe ta na wani lokaci. Ana cewa ƙwaƙwalwa kamar rediyo ce, idan ta lalace murya takan fito a karkace, amma mai magana yana can gidan rediyo lafiya lau. Misalin yana da daɗin ji, sai dai yana hasashen abin da ba ya faruwa. Da haka ne, wanda aka yi wa allurar barci don tiyata zai farka ya ce yana can yana tunaninsa tsawon awa uku, bakinsa ne kawai ya ƙi motsi. Abin da yawanci suke faɗa shi ne sun rufe ido sun buɗe, babu komai a tsakani. Wanda ya sha abin maye ba saƙonsa ne kawai yake karkacewa a hanya ba, abin da yake so da abin da yake ganin ya dace su ne suke canzawa. Mai azumi ma ya san yadda haƙurinsa da kaifin tunaninsa suke bayan la'asar, da yadda suke dawowa bayan dabino da ruwa. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun lissafa barci mai nauyi da suma da maye da hauka a cikin abubuwan da suke warware alwala saboda gushewar hankali, wato malamanmu ba su taɓa ɗaukar hankali a matsayin abin da halin jiki ba ya shafa ba.

Har da'awar cewa hankali ba ya rabuwa ta sha girgiza. A shekarun 1960, a California, Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga sun yi nazarin masu matsananciyar farfaɗiya waɗanda aka yanke musu gadar jijiyoyin da ta haɗa hagu da daman ƙwaƙwalwa. Idan aka haska wa irin wannan mutum hoton wani abu ta gefen hagu na ganinsa, sai ya ce bai ga komai ba, amma hannunsa na hagu ya laluba ya zaɓo abin daidai daga cikin tarin kayan da ba ya gani. Har yau ana muhawara a kan yadda za a fassara wannan, amma abu ɗaya ya fito fili, wuƙar likita ta raba sanin mutum ɗaya ta yadda wani sashe ya san abin da ɗayan yake musu. Sperry ya sami kyautar Nobel a 1981 saboda wannan aiki.

Sukar da ta fi zama mini a rai ba ta fito daga ɗakin tiyata ba, daga duban harshe ta fito. Gilbert Ryle na jami'ar Oxford, a littafinsa na 1949, ya kira ra'ayin Dekart akidar fatalwa a cikin inji, ya ce kuskuren na jera abu ne a layin da ba nasa ba. Ga misalin gida: baƙo ne ya shiga kasuwar Kurmi a Kano, aka nuna masa rumfuna da 'yan kasuwa da kaya da masu saye, sai ya ce duk ya gani, amma ina cinikin yake, a wace rumfa aka ajiye shi? Ciniki gaskiya ne, har yakan yi kyau ko ya mutu, sai dai shi ba wani kaya ba ne da yake zaune kusa da sauran kaya. Tun kafin Ryle da fiye da shekara dubu biyu, Aristo ya ce da ido dabba ne mai zaman kansa, da gani shi ne ransa. Ba na bin Ryle har ƙarshen tafiyarsa, domin ya kusa mayar da hankali ɗabi'ar da ake gani daga waje kawai, amma gargaɗinsa ya sa na saurari Hausarmu da sabon kunne. Murna a wurinmu farin ciki ce, damuwa baƙin ciki. Mai tsoro cikinsa ne ya ɗuri ruwa, gabansa ya faɗi, tsikar jikinsa ta tashi. Wanda ya karaya jikinsa ne ya yi sanyi, wanda ya hango wani abu tun bai faru ba yakan ce jikina ya ba ni. Harshe ba hujjar falsafa ba ne, amma shaida ne na yadda mutane suka ji kansu tsawon zamani, kuma waɗanda suka gina waɗannan kalmomi ba su ji baƙin ciki a matsayin labarin da wani baƙo yake karɓa daga jiki ba.

Duk da haka, ba na yarda da masu gaggawar cewa an gama magana, mutum nama ne da wutar jijiyoyi kawai. Thomas Nagel ya rubuta a 1974 cewa ko da mun san komai game da ƙwaƙwalwar jemage, ba za mu san yadda zama jemage yake ga shi jemagen ba. Frank Jackson ya kawo wata hujja mai kama da ita a 1982 game da ganin launi, ko da yake daga baya shi kansa ya janye daga sakamakonta. Ka ɗauki wanda bai taɓa ɗanɗana daddawa ba, ka koya masa duk sinadaran da suke cikin kalwa da duk jijiyar da take motsawa a harshe, ranar da ya sa miyar a baki zai san wani abu da bai sani ba. Me ya sa aikin jijiyoyi yake zuwa tare da ji daga ciki? Wannan ita ce tambayar da David Chalmers ya kira matsala mai wuya a tsakiyar shekarun 1990, kuma tana nan a buɗe. Sai dai ƙara jauhari na biyu ba ya rufe ta, domin za a sake tambaya me ya sa shi wannan jauhari yake ji, sannan ga tambayar Elizabet tana jira a bakin ƙofa.

Akwai abin da ya daɗe yana hana ni sakin jiki da waɗannan suke-suke, wato tsoron kada su taɓa imanina da ruhi da tashin ƙiyama, kuma na tabbata da yawa daga masu karatu suna jin wannan tsoro. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne gano cewa rabon da Dekart ya yi ra'ayi ne na falsafa mai tarihinsa, ba shi ne aƙida ba. Alƙur'ani, a Suratul Isra'i aya ta 85, ya ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Bai siffanta shi da cewa tunani ne zalla marar wuri ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1350, ya zaɓi cewa ruhi wani jiki ne mai laushi da haske wanda yake ratsa gaɓoɓi kamar yadda ruwa yake ratsa fure, mai yake ratsa zaitun, wuta take ratsa gawayi, kuma wannan ya fi kusa da abin da Elizabet ta ce ya fi mata sauƙin yarda. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya sanya musun tashin jikkuna cikin mas'aloli uku mafi muni da ya kama masana falsafa da su. Suratu Yasin aya ta 65 ta ce hannaye za su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Addinin da yake koyar da cewa za a tashe mu da jikkunanmu bai ɗauki jiki a matsayin motar haya da ake sauka a bar ta a tasha ba.

Kawu ya rayu shekara huɗu bayan ciwon. A watannin farko, muna riƙe da tunanin cewa yana nan ciki yadda yake a da, mun riƙa jin zafin fushinsa kamar da gangan yake yi, har wasu suna ce masa ya yi haƙuri mana, ai shi babba ne. Da na daina neman wani kawu na daban a bayan wanda yake gabana, sai na daina jiran ya fito, na fara zama da wanda yake nan. Likita ta ce a riƙa maimaita masa sunayen abubuwa, don haka kowace yamma nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa in jera kofi da cokali da carbi da hula, in ɗaga ɗaya in jira. Wasu ranaku babu abin da yake fitowa, sai ya kawar da kai. Muka lura cewa idan ya riƙe abin da hannunsa na hagu, ya juya shi, ya kai shi inda ake kai shi, kalmar takan fi saurin zuwa. Wata yamma bayan kusan wata bakwai, na miƙa masa kofin babu komai a ciki, ya karɓa, ya kai shi bakinsa kamar mai shan shayi, ya sauke, ya dube ni ya ce, "Kofi." Sannan ya miƙo mini shi ya ƙara da cewa, "Zuba."